Muhawara: wane baki ya kamata a saya wa yaro mai koyon saksofon alto?

Kawu Lawal, Unguwar Rimi: Salamu alaikum jama'a. Ni ba mai busa ba ne, wani abokin aikina ne ya jefo ni zauren nan don in nemi shawara. Ɗan ƙanwata ne a hannuna, shekararsa 15, yana cikin bandin makarantarsu. Alto yake busawa, yanzu ya shiga shekara ta biyu. Saksofon ɗin na hannu ne, daga Legas aka kawo mana, kuma bakin da ya zo da shi, wato ɓangaren da ake sawa a leɓe a busa, ko suna babu a jikinsa. Malaminsu ya ce lokaci ya yi da za a canza masa bakin saks ɗin. Shi kuma yaron ya kafe sai na ƙarfe mai ruwan zinari da yake gani a YouTube. Me zan saya? Kuɗin ba su da yawa, ba na son in saya sau biyu.

Bitrus, Sabon Tasha: Barka da zuwa Kawu. Yaro ya san abin da yake so, kada ku kashe masa gwiwa. In na ƙarfe ya yi tsada, a nemo masa bakin Meyer 6M, magana ta ƙare. Da shi nake aiki a coci da wuraren biki, ganga na tashi, gita na tashi, amma ana ji na har bakin titi.

Saje Audu mai ritaya: Bitrus, kai shekara nawa ka yi da saks a wuya kafin ka ɗauki 6M? Yaro ɗan shekara biyu a busa kake magana a kai. Malam Lawal, kafin kowa ya kira maka sunan wani baki, amsa mana waɗannan. Wane irin rid yake sawa, wato siririn karan nan da ake ɗaurawa a jikin bakin, kuma taurinsa lamba nawa? Me yake damun sa in yana busa, tsuwa ce, ko sautin ƙasa ne ba ya fita, ko gajiya yake da wuri? Sannan ina zai riƙa busawa, fareti ne kawai ko akwai jarrabawa a gaba?

Kawu Lawal, Unguwar Rimi: Ranka ya daɗe, na tambaye shi. Ya ce Rico ne mai kwalin ruwan lemo, lamba 2. Ya ce manyan sautukan can ƙasa, daga D zuwa ƙasa, sai ya yi da ƙarfi suke fita, wani lokaci su yi ta gurnani. Na sama kuma malami ya ce suna hawa fiye da kima. Fareti suke yi, sun taɓa zuwa Dandalin Murtala ranar yara, amma malamin yana so ya shigar da shi jarrabawar mataki-mataki badi.

Ɗanjuma mai gyara, Kakuri: To, tsaya nan Alhaji. Sautin ƙasa ya ƙi fita a saks na hannu, ni ba baki nake fara zargi ba. Iska ce ke zurarewa. Kowane maɓalli yana da fata a ƙarƙashinsa da ke rufe rami, in guda ɗaya daga can sama ba ta zauna daidai ba, duk abin da ke ƙasa da ita sai ya wahalar. Mafi yawa nakan same ta a G shaf, domin akwai ɗan sukuru da ke danne maɓallin in an rufe na hannun dama, shi ke kwancewa. Ko kuma maɓallin wuya ya ɗan ɗaga don an riƙa ɗaukar wuyan da ƙarfi. Fitila nake zurawa cikin jikin a ɗaki mai duhu, in rufe maɓallai a hankali ba tare da matsawa ba, duk inda haske ya leƙo nan ne ɓarnar. Ka sa wa irin wannan saks bakin da ya fi kowane tsada, gurnanin nan yana nan.

Bitrus, Sabon Tasha: Oga Ɗanjuma dai kasuwa yake nema.

Ɗanjuma mai gyara, Kakuri: Dubawa kyauta ce Bitrus, kai ma ka sani, sau nawa ka zo ka tafi ba ka ba ni ko ruwan leda ba.

Malama Rahila, Barnawa: Ina bayan Oga Ɗanjuma, a fara duba jiki. Amma malamin yaron ma yana da gaskiya, bakunan nan marasa suna da ke zuwa cikin akwati yawancinsu ba su da kyau. Kawu, ga gwajin da za ku iya yi a gida yau. Ya jiƙa rid ya ɗaura yadda ya saba, ya cire bakin daga wuya, ya toshe ƙarshen mai faɗi da tafin hannu, ya zuƙe iskar ciki, sannan ya zare leɓensa. In baki da rid suna da lafiya, rid zai manne na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ka ji ya yi ɗas ya buɗe. In bai manne ba sam, ya sake da sabon rid. In har yanzu bai manne ba, shimfiɗar da rid ke kwanciya a kai ce ba ta miƙe ba, ko gefunan biyu ba su yi daidai ba. Ku ɗaga shi a hasken taga ku dubi siraran gefunan nan biyu da suka tafi har tsini, kaurinsu ya zama ɗaya, kuma kada a ga ɓantare a tsinin.

Kawu Lawal, Unguwar Rimi: Malama, mun gwada da rid uku. Ko ɗaya bai manne ba. Kuma gefen hagu ya fi na dama kauri, ko ni da tabarau na gani.

Malama Rahila, Barnawa: To wannan baki ya gama aikinsa. Shawarata Yamaha 4C. Na san zai ce ai wannan na 'yan koyo ne, haka ne, shi ke zuwa da YAS-280 da sauran saks ɗin ɗalibai na Yamaha. Amma ga yaron da ya taso da baki karkatacce, 4C ci gaba ne babba. Buɗinsa, wato tazarar da ke tsakanin tsinin rid da tsinin baki, milimita 1.60 ne. Ƙaramin buɗi yana nufin leɓe ba ya shan wahala wajen riƙe sauti, kuma sautin ba ya yawo. In yana son ɗan ƙarin iska akwai 5C mai 1.70. Kuma ana yin su da injin da ba ya kuskure sosai, in ka sayi goma duk kusan ɗaya suke. Ga wanda ba shi da shagon da zai je ya gwada, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bitrus, Sabon Tasha: Anti Rahila, da girmamawa, 4C roba ce. Yaro zai tsaya a fili, ƙaho shida a bayansa, ganguna a gabansa, wa zai ji shi? Wata shida zai ce ya gaji da shi, a koma kasuwa. Kawu ya ce ba ya son saye biyu.

Saje Audu mai ritaya: A fareti ba a son a ji alto shi kaɗai. Aikinsa ya cike tsakiya, tsakanin kalanet da su turombon. Mun yi shekaru muna fita fareti, duk yaron da sautinsa ya fito ya tsaya shi kaɗai a sahu, shugaban bandi zai juyo ya harare shi. Abin da kake yi a biki daban, kai ne gaba, makirufo a bakin ƙahonka. Kuma zancen roba da ƙarfe, mutane suna ɗora wa ƙarfe abin da ba nasa ba. Abin da ke sa sauti ya yi kaifi shi ne yadda aka fafe cikin bakin. Akwai gandar da ke saman rid daga ciki, in ta sauko kusa da rid, iska na wucewa da gudu, sauti ya yi tsini ya yi ƙara. In ta yi nisa kuma cikin ya yi faɗi, sauti ya yi kauri ya yi sanyi. Yawancin na ƙarfen da yara ke gani a bidiyo an yi su ne da ganda matsattsiya da babban buɗi, lamba 7 ko 8, sama da milimita 2. Ka ba yaron nan irin wannan, daidai yake da ka ba ɗan koyon tuƙi tirela. Zai ciji rid don ya rage buɗin, leɓen ƙasa ya yi ciwo, sautukan saman da malaminsa ke kuka da su su ƙara hawa.

Bitrus, Sabon Tasha: Baba Saje, ai na janye na ƙarfe tun farko. Meyer ba ƙarfe ba ne, baƙar roba ce mai tauri, kuma gandarsa ba matsattsiya ba ce. In 6 ya yi yawa a ba shi 5M, buɗinsa wajen 1.80 ne kawai. Manyan masu alto na jaz irin su Phil Woods da Cannonball Adderley da Meyer aka san su. Me ya rage?

Saje Audu mai ritaya: Wannan maganar ta fi ta farko. 5M baki ne na ƙwarai, ban musa ba. Amma ka ji an ce jarrabawa.

Malama Rahila, Barnawa: Nan ne gizo ke saƙar. Jarrabawar mataki ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, ko ta MUSON, ƙungiyar kiɗa da ke Legas, abin da mai jarrabawa ke saurare shi ne sauti mai tsabta, daidai daga ƙasa har sama, da iya busa a hankali ba tare da sautin ya mutu ba. Ba wai an hana Meyer ba ne, babu dokar da ta ce ga bakin da za a shiga da shi. Amma ya fi sauƙi da irin bakin da aka yi don wannan aiki. In Kawu yana da hali ya tsallake 4C, guda biyu nake ambata wa iyaye. Selmer S80 C mai tauraro, wanda cikinsa murabba'i ne, shi ne malamai da yawa suka daɗe suna tura ɗalibai gare shi. Sai Vandoren Optimum AL3, buɗinsa 1.52, ya fi 4C ma matsewa, sautinsa zagayayye, sautukan ƙasa suna fita cikin ruwan sanyi. Ni AL3 nake koyarwa da shi. Aibinsa shi ne abin da Bitrus ke faɗa, a fili ba ya nisa. S80 ya ɗan fi shi fitowa.

Kawu Lawal, Unguwar Rimi: Malama, kuɗin fa?

Malama Rahila, Barnawa: Ba zan kira adadi ba, dala ce ke yanke farashin, abin da na faɗa yau gobe ya zama ƙarya. Amma ka ƙaddara kuɗin S80 guda zai sayi 4C huɗu ko biyar. AL3 da Meyer suna ƙasa da S80, amma su ma sun ninka 4C.

Sadiq daga Legas: Gaisuwa ga manya. Ni ina nan kusa da kasuwar kayan, bari in ƙara abu ɗaya da ba a taɓo ba. Jabu. Duk sunan da kuka kira akwai na bogi a gari, har da 4C ɗin. Wani ƙanen abokina ya yi odar S80 a wani shafin intanet da kuɗin da bai kai rabin na gaske ba, kwali ya zo da tambari da komai. Da muka duba, filastik ne mara nauyi, rubutun jikin bugawa aka yi sama-sama, cikin ma ba murabba'i ba ne sosai. Baƙar roba ta gaske, ebonait, in ka goge ta da yatsa har ta ɗan yi ɗumi za ka ji wari-warin ƙibiritu, na bogin nan ba ya komai. In kuna da wani mai dawowa daga Ingila ko Amurka, ya saya a shagon kayan kiɗa na gaske ya riƙo a aljihu, ba shi da nauyi. In a nan ne, a sayi wurin wanda zai yarda a mayar masa.

Ɗanjuma mai gyara, Kakuri: Gaskiya ne Sadiq. Kuma araha ba ta ado. Wani abin kuma, ramin kowane baki ba ɗaya ba ne. Sabon zai iya yi wa kok ɗin wuya, wato abu mai laushi da aka naɗe inda baki ke shiga, yawa ya riƙa lilo, ko ya matse ya ƙi shiga. In ya matse, man kok ake shafawa a murɗa a hankali, kada yaro ya tura da ƙarfi yana riƙe da maɓallin wuya, haka ake lanƙwasa shi. In ya yi lilo, a naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo kafin a kawo a sa sabon kok. Takarda kada a sa, jiƙewa take ta cinye kok ɗin.

Hajiya Binta, Malali: Ku yi haƙuri in shigo, ni ma 'yata ce ke koyo. Wani ya yi mana tallan S80 na hannu, ya koɗe ya zama kamar ruwan ƙasa-ƙasa da kore. Lalacewa ce? Kuma ni abin da ke damuna, bakin wani ne fa ya sha shi shekara da shekaru.

Ɗanjuma mai gyara, Kakuri: Hajiya, koɗewar ba ta taɓa sauti, alama ce ma ta cewa ebonait ne na gaske. Rana ce ko ruwan zafi ke fito da ƙibiritun da ke cikin robar. Abin dubawa tsini da gefuna da shimfiɗa, sai kuma saman inda haƙori ke zama, kada ya zama an ci rami. Wanki kuma ruwan sanyi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshi mai laushi, a bi a hankali kusa da tsini. Kada a tafasa, kada a sa bilic. Kuma a gaya wa yara su daina barin akwati a bayan mota da rana, zafin watan Maris na Kaduna ba ya barin roba, ba ya barin gam ɗin da ke riƙe fatu.

Malama Rahila, Barnawa: Hajiya ki sa mata ɗan faci na roba da ake mannawa a saman, yana kare bakin, haƙori kuma ba ya zamewa. Na hannu in yana da lafiya ba laifi, amma a tafi da wanda ya iya busa ya gwada kafin a biya.

Saje Audu mai ritaya: Akwai abin da nake so Malam Lawal ya riƙe, don kada a sayi baki a ce bai yi ba alhali rid ne. Ƙaramin buɗi yana son rid mai ɗan tauri, babban buɗi yana son mai laushi. Rico lamba 2 a kan 4C ko AL3 ga yaron da ya shekara biyu ya yi laushi, zai riƙa rufewa in ya busa da ƙarfi, sautin ya yi kamar na agwagwa. Ya koma 2.5. Kuma lambobin kamfanoni ba ɗaya ba ne, Vandoren mai shuɗin kwali 2.5 ya kai Rico 3 tauri. Kada ya canza baki da irin rid a rana ɗaya, in abu ya ɓaci ba zai san mai laifi ba. Ya fara da Rico ɗin da ya sani, ya hau rabin lamba, bayan mako biyu ko uku a gwada shuɗin kwali.

Bitrus, Sabon Tasha: A nan kam ba ni da ja. Ni ma rid ɗin Vandoren Java mai koren kwali nake sawa 2.5 a kan 6M. Amma da hunturu rid na kara azaba ne, ka jiƙa, kafin fasto ya gama sanarwa ya bushe tsinin ya yi kwarkwaro. Shi ya sa na koma rid ɗin Légère na roba don ranar Lahadi.

Malama Rahila, Barnawa: Légère yana da kyau ga mai aiki irinka, amma guda ɗaya kusan kuɗin kwali ne, kuma yaro zai karya tsinin a kafaɗar riga cikin mako. Ya tsaya a na kara. Da hunturu ya tsoma shi a kofin ruwa minti biyu ko uku maimakon miyau kawai, in ya gama ya cire shi daga baki ya goge ya mayar a ma'ajinsa. Yawancin yara a ɗaure suke barin sa har washegari, shi ke sa ya kumbura ta ƙasa ya daina mannewa. Ya riƙa juya uku ko huɗu, ba guda ɗaya har ya mutu ba.

Kawu Lawal, Unguwar Rimi: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa yaron komai. Ya haƙura da na ƙarfe, amma yanzu ya koma bayan Bitrus, wai Meyer. Ni kuma aljihuna yana bayan Malama. Tambaya ta ƙarshe, in an kawo, ta yaya za mu san ya dace da shi? Ni duk busa ɗaya nake ji.

Saje Audu mai ritaya: Ku sauke manhajar auna sauti a waya, kyauta ce. Ya haɗa baki da wuya kawai, ban da jiki, ya busa dogo. Ya kamata allon ya nuna A filat ko kusa da shi. In ya haura sosai, cizo yake. Sannan ya haɗa duka ya busa B filat na can ƙasa a hankali, ba da ƙarfi ba, in ya fito ba gardama to ana kan hanya. Sai ya busa G na tsakiya, ya danna maɓallin babban yatsa ya hau na sama, ku dubi allo ko allurar ta tsaya wuri ɗaya. Kada ku rikice in ya danna G allo ya nuna B filat, alto haka yake, ba ya kiran suna ɗaya da piyano. In duka sautukan sun yi ƙasa a tura bakin ciki, in sun yi sama a ɗan zaro shi. Da sanyin safiya saks yakan yi ƙasa, ya fara ɗumama shi kafin a yanke hukunci. Kai kuma da kake cewa ba ka ji, ka koma ɗaki na gaba ka saurara, za ka bambance wanda ke fita a sake da wanda ake turawa.

Bitrus, Sabon Tasha: To ga tayi. Ina da tsohon 5M da ba na amfani da shi. Anti Rahila na da AL3, kuma na san ba ta rasa 4C a jaka. A haɗu shagon Oga Ɗanjuma ranar Asabar, a toshe ramukan saks ɗin tukuna, sannan yaro ya busa ukun a gabanmu, ya juya baya kada ya ga wanda aka sa masa. Gani ya kori ji. In ya zaɓi Meyer, Baba Saje zai sayi tsire.

Saje Audu mai ritaya: In ya zaɓi Meyer kuma allura ta tsaya, zan saya. Zaɓinsa kaɗai bai isa ba, yaro duk wanda ya fi ƙara shi zai ɗauka.

Malama Rahila, Barnawa: Na yarda, amma sai bayan azahar, ina da ɗalibai da safe. Bitrus ka zo da maɗaurin 5M ɗin, na kan tsohon bakin yaron ba lallai ya kama shi ba. Kawu, ku sayi Rico 2.5 ko guda uku ne ku taho da su, ba a gwaji da rid ɗin da ya mutu. Kuma ku gayyaci malaminsu in zai samu zuwa, shi zai zauna da yaron bayan mun watse.

Hajiya Binta, Malali: In ba damuwa ni ma zan kawo 'yata da S80 ɗin nan a duba mana kafin in biya.

Ɗanjuma mai gyara, Kakuri: Ku zo duka. Alhaji Lawal, kai ka aiko da saks ɗin tun Alhamis, in fata ce za a canza tana son kwana kafin ta zauna. A haɗo da wuyan a cikin akwati, mutane suna yawan mantawa da shi a gida. Benci ɗaya gare ni a shago, masu zuwa da yawa su riƙo kujera.